Kaset Ɗin da Malam Ya Ce In Ƙone

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da na iya da abin da ya fi ƙarfina.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa da shi ba. Ɗiyata ta biyu, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ce zaune gabana da biro tana rubuta abin da nake faɗi. Na ce mata kada ta gyara mani magana, in kuka ya zo mani kuma ta jira ni. Sunan mijina ba zai fito daga bakina ba. Ban faɗe shi yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Malam nake ce mashi. Wasiyya ɗaya tak ya bar mani, kuma har yau ban cika ta ba.

Malam tela ne. Shagonshi na bakin hanya a Ƙofar Sauri, taku kaɗan daga gidanmu, har ina jin ƙarar kekenshi daga madafa. Amma ba da ɗinki garin nan ya san shi ba. Tun ina goyon fari wasu ma'aikatan wayar da kan jama'a suka kawo mashi ɗinki, suka tarar yana kwaikwayon yadda wani dillalin shanu ke rantsuwa, mutanen shago suna ta faɗuwa don dariya. Suka ce suna neman wanda zai fito a majigi a matsayin manomin da ya ƙi zuba takin zamani. Ya ce shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Suka ce ai ba noma za ka yi ba, gardama za ka yi. Ya ce in gardama ce, sun zo gida.

Ranar da aka haska majigin a filin unguwa ina can baya cikin mata. Sai ga kan Malam a jikin farin ƙyalle, ya kai girman ƙofar zaure, yana ta yi wa malamin gona masifa. Na ja mayafi na rufe fuska. Matan suka yi ta zungurina suna cewa in buɗe ido in ga mijina ya zama ƙato.

Daga nan aka ja shi gidan rediyo, daga baya talabijin. Ba abin da bai zama ba. Ya yi alƙali, ya yi ɗan kamasho a tasha, ya yi malamin asibiti, ya yi mai gadi kurma, ya yi attajiri marowaci da ke kulle rumbu ya rataya mabuɗi a wuya. Har tsohuwa ya taɓa zama, da zanena da kallabina, ya dawo mani da su duk jar ƙasa. Lokacin ba a ba su kayan wasa, kowa daga gidanshi yake kwasowa. Turmina ya shiga talabijin, tabarmata ta shiga, samiruna biyu suka shiga, ɗaya ba ta dawo ba.

In na yi mita sai ya ce, "Uwar ɗakina, ki gode Allah. Samirarki ta fi ki suna a garin nan."

In ce, "To ta zo ta dafa maka tuwo."

Mutane ba su raba shi da abin da ya fito a ciki. Bayan ya yi malamin asibiti, wata mata ta taso daga ƙauye da jinjiri mai zazzaɓi ta tsaya a ƙofar shago, ta ce likitan talabijin take nema. Ya ajiye ɗinki ya raka ta har asibiti. Bayan ya yi mahauci mai ɓoye ƙashi ƙarƙashin tsoka, mahautan unguwarmu suka yi wata guda suna ba shi ƙashi zalla, suna cewa ai shi ya koya masu. Duk yana jin daɗin wannan. Ya dawo gida ya yi ta ba ni labari, yana yin muryar kowa.

Akwai yadda suke aikinsu da ya kamata a sani, don a kanshi komai ya tsaya. Ba a ba su takarda su haddace. Mai ba da umarni, wanda suke ce wa darakta, zai ce mashi, Malam, kai ne mai gidan haya, ka zo korar ɗan haya, ka yi faɗa. Shi ke nan. Sauran maganar daga kanshi za ta fito, nan take, gaban kyamara. Da wannan yake alfahari. Ya sha ce mani, "Shekara da shekaru ina wasa, ba a taɓa sa mani magana a baki ba. Duk abin da kika ji na faɗa, nawa ne."

Da finafinan bidiyo suka shigo, masu shirya fim na Kano suka fara aiko mashi. Ya kan shiga mota ya yi kwana uku ko huɗu ya dawo. Lokacin gemunshi ya yi fari, sai suka riƙa ba shi uba. Abin ya ishe shi. Ya ce, "Kullum a zaunar da ni kan kujera in ce Allah ya yi maku albarka. Ko tsohon agogo ya fi ni motsi."

Sai shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, baki ya buɗe, abin da a da ake faɗi cikin ɗaki aka koma faɗinshi a majalisa. Masu fim ma suka samu ƙofa. Malam ya yi kantoman soja mai tumbi da aka sauke ya rasa mai gaishe shi, ya yi ɗan siyasa mai alkawarin rijiya a garin da ke bakin kogi. Daga nan aka kira shi wani fim, aka ce zai yi bokan da mai neman kujerar ciyaman ke zuwa wurinshi.

Ya dawo da murna kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah. Da kanshi ya ɗinka jar riga, ya jera mata layu na fata, cikinsu ba komai sai tsummokaran shago. Ya ɗauki ƙwaryata da wani tsohon madubina da ya tsage.

Na ce, "Malam, da furfurarka?"

Ya ce, "Bokan ƙarya ne, uwar ɗakina. A ƙarshen fim asirinshi tonuwa yake yi, a kore shi daga gari. Wa'azi ne za mu yi."

Na bar shi ya tafi da su. Ni me na sani?

A cikin fim ɗin akwai wurin da bokan ke ɗaga hannu yana kiran wanin Allah, yana yi mashi kirari, yana ba shi abin da na Allah ne Shi kaɗai. Darakta bai ce mashi komai ba sai, Malam, ka kira aljanunka. Malam ya buɗe baki, magana ta zubo, mai daɗin ji, mai kama kunne kamar waƙa. Ba zan maimaita ta ba, kuma na hana ɗiyata rubuta ko kalma ɗaya daga cikinta.

Fim ya fita, ya karɓu fiye da duk abin da ya taɓa yi. 'Yan acaɓa suka ɗauki kirarin nan suna yi wa juna a bakin titi. Mata a gidan biki in za su buɗe tukunya sai wata ta ɗaga hannu ta yi, a kwashe da dariya. Ba wanda ya riƙe ƙarshen fim ɗin inda aka kori bokan. Kirarin kawai aka riƙe.

Lokacin nan ne kuma maganar shari'a ta cika ko'ina, wa'azi a masallaci, wa'azi a rediyo, kowa ya fara duba na kusa da shi. A masallacin unguwarmu, in liman da na'ibi ba su nan, Malam ake turawa gaba, don yana da karatu kuma muryarshi na da daɗi. Wata azahar liman ya yi tafiya, na'ibi ba lafiya. Aka ta da iƙama, Malam ya taka gaba yadda ya saba. Sai wani daga sahu na biyu ya ce, "A samu wani dai." Bai ɗaga murya ba. Ba wanda ya tanka mashi, ba kuma wanda ya ce Malam ya tsaya. Malam ya ja da baya ya shiga sahu, wani ya wuce ya ja sallar.

Ya shigo gida ya zauna bakin rijiya. Na kawo mashi fura, bai taɓa ba. Ni ban san abin da ya faru ba sai da ya faɗa mani da bakinshi, kuma a ranar bai yi muryar kowa ba.

Na ce, "Wane ne ya faɗa? Faɗa mani in aika gidansu."

Ya ce, "Bar shi. Ba ƙarya ya yi ba."

Washegari ya tafi Ƙofar Marusa wurin tsohon malaminshi, wanda ya karantar da shi tun yana saurayi. Ya kwashe komai ya faɗa mashi. Tsohon ya tambaye shi, "Wa ya rubuta maka maganar?" Malam ya ce ba kowa. Tsohon ya ce ƙofar tuba a buɗe take, Allah na duban niyya, kuma Ya san da wasa aka yi. Ya ƙara da cewa amma maganar da mutane ke ta maimaitawa, in da hali a tsayar da ita, a tsayar. Malam ya dawo da wannan ta ƙarshen kaɗai. Ta farkon ko sau nawa na tuna mashi, sai ya girgiza kai ya ce, "Da wani ya rubuta mani da sauƙi. Daga ina ta fito, in ba cikina take ba?"

Bai sake fita fim ba. An aiko daga Kano har sau uku, ya ce a ce masu ya tsufa. Ya koma kan kekenshi. Ba a yi shekara ba hawan jini ya buge shi a shago, ɓarin jikinshi na dama ya mutu, harshenshi ya yi nauyi. Mutumin da ke yin muryar gari guda ya koma sai na kai kunnena bakinshi kafin in gane ruwa yake so.

Wata safiya ina shafa mashi man zafi a kafaɗa ya riƙe mani hannu da hannunshi mai lafiya. Ya ce, a rarrabe, "Kaset ɗin nan. Ki tattara. Ki ƙone. Kada in kwanta ana ta faɗi."

Na ce, "To, Malam."

Na ce to ne don ban san girman abin da na ɗauka ba. A zatona kaset kamar rigunan da yake ɗinkawa ne, an san guda nawa aka yi, an san gidan da kowace ta shiga. Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinshi.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita. Gidan da ke jikin katangarmu suna da bidiyo. Duk ranar da aka kawo wuta bayan la'asar sai su kunna, kuma tun da Malam ya rasu finafinanshi suke sawa, wai suna tunawa da shi. Ina zaune tsakar gida da carbi sai in ji muryarshi ta tsallako katanga, lafiyayye, yana dariya, yana faɗa da ɗan haya. Wallahi tashi nake yi in je in jingina da katangar. Rana ta huɗu ko ta biyar sai na ji kirarin nan. Na toshe kunnuwana, na buɗe, na sake toshewa. Muryar mijina ce, ina son ta, ga kuma abin da take faɗi.

Na aika ɗiyata ta roƙo su. Suka ba da kaset ɗin da kunya, uwar gidan ta biyo baya tana ba ni haƙuri. Na sa shi a murhu. Ban san haka roba ke ci ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, zaren cikin ya nannaɗe yana tsiyaya, warin ya kwana uku a cikin kayanmu. Na zauna na yi kuka, amma zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ɗaya ya tafi.

Da na fita takaba na fara bin shagunan hayar kaset. Ban iya karanta sunan fim ba, amma na san hoton da ke jikin kwalin, jar rigar nan da na ga ana ɗinkawa. Na fara da unguwarmu, na gangara Ƙofar Kwaya, na zaga har Ƙofar Marusa, ƙafa da ƙafa, da buhu a ƙarƙashin mayafi. Wasu masu shago da sun ji ko ni wace ce sai su miƙo mani su yi mashi addu'a. Wasu sai na ba da wani abu. Kwanonin jerena na aure haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ji zafinsu ba. Duk Juma'a da hantsi in haƙa rami bayan gida in ƙone abin da na tara.

Akwai mai shago ɗaya a Ƙofar Kwaya, magidanci mai barkwanci, da na je wurinshi har sau huɗu, kuma duk zuwa sai in tarar da fim ɗin a kan kanta. A na huɗun na ce, "Kai, ɗan nan, haihuwa yake yi a shagonka?"

Ya yi dariya, sannan ya ga ba dariya na zo yi ba. Ya jawo mani benci ya ce, "Inna, zauna in faɗa maki gaskiya, ko za ki tsine mani. Duk wanda kika ɗauka, wani nake sarowa. In ban saro ba maƙwabcina zai saro. Kin ga waɗancan injuna biyu da ke haɗe da waya? Da su ake zuba fim daga kaset zuwa kaset. Kafin ki kai gida an yi wani."

Na ce, "To ku bari mana. Mamaci ne ya roƙa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, da fim ɗin nan ya kwanta. Wata da watanni ba mai tambayarshi. Tun da aka ji kina bi kina ƙonewa, gari ya ɗauka. Wasu na cewa aljanun da ya kira ne suka shanye mashi jiki. Kowa so yake ya ga abin da ke ciki. Yanzu layi ake yi mashi."

Ya miƙo mani sabon kwali. An sake buga shi. An cire hotunan sauran 'yan wasan, an bar na Malam shi kaɗai, babba, hannu a sama. Akwai rubutu a ƙasa da jan fenti. Na ce me aka rubuta? Ya ce, "Marigayi."

Ban san yadda na kai gida ba. Da hannuna na ta da fim ɗin da ya kwanta. Da na zauna a ɗaki na yi shiru kamar sauran matan da mazansu suka mutu, da watakila an manta. Na kwana biyu ban ci abinci ba, ɗiyata na ta faɗa, tana cewa Inna za ki kashe kanki a kan roba.

Malam na da aboki tun na majigi, tsohon direba, wanda suka yi wasa tare shekaru masu yawa. Shi ne duk ya shigo gidanmu yake ce mani amarya, har na yi jikoki bai daina ba, in ce mashi amaryar ta ga ta kanta. Tun rasuwar bai sake faɗi ba. Da labari ya kai mashi ya zo ya tsaya a zaure, muka gaisa, ya yi mani ya haƙuri, sannan ya ce, "Bin shago ba zai yi ba. Uwar kaset ɗin tana Kano, wadda daga ita ake buga sauran. In za ki iya tafiya, ni zan kai ki."

Muka tafi mu uku da ɗiyata. Ban taɓa zuwa Kano ba sai ranar. Muka sami wanda ya shirya fim ɗin a wani ofis a saman bene. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce Malam ubansu ne. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ce fim ya bar hannunshi tuntuni, ya sayar wa ɗan kasuwa, haka ake yi. Ya haɗa mu da wanda ya kai mu kasuwar.

Shagon ɗan kasuwar kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi. Alhaji ne mai fara'a. Ina buɗe baki ya ce, "Hajiya, daga Katsina ake, na ji a harshe." Ya sa aka kawo mana ruwa. Abokin Malam ya yi mashi bayani. Ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Sannan ya jawo wani abu mai ƙyalli kamar murfin gwangwani ya nuna mani.

Ya ce, "Hajiya, kin ga wannan? Faifai ne. Kaset ya kusa mutuwa, kowa nan ya koma. Fim ɗin maigidanki an juye shi a kan wannan. Ya tafi Maraɗi, ya tafi Agadas, ya tafi Kumasi, alhazai sun tafi da shi har Makka. Wasu ni na aika, mafi yawa ban san wanda ya buga ba, sata suke yi mani. Ko na rantse maki na daina bugawa yau, ban isa in dawo da ko ɗaya ba."

Na ce, "Alhaji, to ni ya zan yi? Na ce mashi to."

Sai ya ce Allah ya jiƙan Malam, ya sa wani ya rako mu har bakin titi.

Muna shirin neman mota sai ga mai shirya fim ɗin ya biyo mu da wani ƙaramin kaset a hannu, bai kai tafin hannuna ba. Ya ce wannan ne ya fito daga cikin kyamara ranar da aka ɗauki wurin bokan, ba a yanke komai a cikinshi ba, kuma shi kaɗai ne, ba a taɓa juye shi gaba ɗaya ba. Ya ce in zo in gani kafin in yi yadda na ga dama da shi. Na ce ba na so. Abokin Malam ya ce, "Daure ki gani. Ina wurin ranar."

Muka koma benen. Aka kunna. Ga Malam cikin jar riga a gindin wata tsamiya, ga ƙwaryata a gabanshi. Ya ɗaga hannu ya yi maganar nan tun daga farko har ƙarshe. Na runtse ido. Sai na ji muryar darakta ta ce a yanke, wato a tsayar da ɗauka, mutane suka fashe da tafi da dariya. Na buɗe ido. Kyamarar ba ta tsaya ba. Malam bai yi dariya ba. Ya sauke hannunshi a hankali, ya tofar da yawu gefen hagu sau uku, ya ce a'uzu billahi, ya ce astagfirullah, ya sake cewa, ya sake. Ya tuɓe jar rigar ya jefar kan tabarma kamar tana ƙona shi. Wani ya ce, "Baba, ka burge, ka kashe fim ɗin nan!" Malam ya ce, "Ku ba ni buta, la'asar ta yi." Ya tsuguna ya fara alwala, daga nan hoton ya ɗauke.

Na ce a sake sawa. Aka sake. Sau uku ina cewa a sake, ba wanda ya hana ni.

Na tambayi mai fim ɗin me ya sa ba su bar wannan wurin a ciki ba. Ya ce, "Inna, ai wannan ba fim ba ne." Na ce to a buga shi yanzu, a raba wa mutane su gani. Ya ce ba mai saye, kuma in aka buga, kirarin ne za a sake ɗauka a bar sauran.

Na dawo Katsina da shi a ƙulle a bakin zanena. Juma'a ta zo na haƙa rami, na hura wuta, na tsaya da shi a hannu har itacen ya cinye ya zama toka. Juma'a ta gaba ma haka. Maganar da ya ce in ƙone tana cikinshi, kuma a duk duniya shi ne guda ɗaya da ke hannuna, wanda in na ƙone ya ƙonu ke nan. Amma istigfarin ma yana cikinshi, kuma ba ya ko'ina sai nan. Na koma Ƙofar Marusa in tambayi tsohon malamin, na tarar shi ma ya rasu. Na tambayi wasu malaman. Wani ya ce in cika wasiyya. Wani ya ce Allah ba ya bukatar kaset kafin Ya san bawanshi ya tuba. Na san haka. Ni ce nake bukata.

Yau shekaru sun ja. Abokin Malam ya bi shi. Shagunan haya duk sun rufe, mai barkwancin nan na Ƙofar Kwaya ya koma sayar da kayan waya. Injin da zai kunna ƙaramin kaset ɗin ma an ce ba a samun shi, watakila zaren ya riga ya manne. Yana nan cikin adakata, naɗe da tsumma, ban ƙone ba. Fim ɗin kuwa an ce ya shiga waya, an yanko wurin kirarin kaɗai ana tura wa juna. Watan jiya ina zaune a layin asibiti wata mata kusa da ni ta kunna, ita da ƙawarta suna dariya. Ba su san ni ba. Na juya fuska ga bango na yi ta istigfari a madadinshi har aka kira ni.

Ƙafafuna sun daina zuwa ko'ina, ba kuma shagon da zan je. Shi ya sa na ce a rubuta. Duk wanda wannan takarda ta iske, in yana da wani tsoho mai jar riga a cikin wayarshi, ina roƙonshi don Allah ya goge. Na san in ya goge akwai dubu a wani wuri. Ya goge nashi dai. Ya kuma sani cewa da aka ce a yanke, tsohon nan ya tofar da yawu, ya nemi gafara, ya nemi buta. Ni na gani da idona.

Allah ya jiƙan Malam. Ni kuma Allah ya sa kada Malam ya tambaye ni ranar da muka haɗu, don ban san abin da zan ce mashi ba.